Kare Fentin Babur: Lissafin Da Ya Kamata Mai Jari Ya Yi Kafin Ya Sayi Man Shafi

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kana kuma a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, babur ya zama kadarar da sai an yi tattalinta. Dalar Amurka da ake canjawa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Da yake kuma kusan dukkan baburan da ke yawo a titunan Nijeriya daga Indiya ko Sin ake shigo da su, ko a haɗe ko kuwa a wargaje a zo a harhaɗa a nan gida, sai farashinsu ya bi sawun Dala. A cikin 2024 ɗin, sabon Bajaj Boxer, wanda shi ne dokin akasarin 'yan acaɓa, ya wuce Naira miliyan ɗaya.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwa da yawa daga cikin masu karatunmu, musamman mazauna Sabon Badun, da Shagamu, da Agege, da sauran zangunan Hausawa na kudancin ƙasar nan, waɗanda kan zuba jari a babura su ba matasa suna kawo balas, ko kuma su sayar bisa sharaɗin biya sannu-sannu. Ya kuma shafi dillalan babura na hannu, da masu wuraren wanki, da masu shigo da kayan gyara. Ga dukkansu, fentin babur wani yanki ne na jari, kuma tambayar ita ce: a cikin kayayyakin shafi da suka cika kasuwa, wanne ne zai biya kuɗin da aka kashe masa?

Abin da ya haɗa fenti da farashi

A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya buga wata maƙala a kan kasuwar motoci na hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001. Gundarin bayaninsa shi ne, mai sayarwa ya san lafiyar abin hawansa, mai saye kuwa bai sani ba, saboda haka mai saye kan taya da tsoro, ya rage kuɗi don gudun kada ya faɗa wa rubabbe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen cinikin babura ya ga haka da idonsa. Mai saye ba zai buɗe inji ba. Zai tayar da shi ya saurara, ya zagaya da shi, sannan ya duba tanki da madigadi da firam. Idan ya ga fenti ya koɗe, ko tsatsa ta fara ci a bakin tanki, sai ya ɗauka haka aka yi wa injin riƙon sakainar kashi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Bugu da ƙari, mai babur ɗin haya ba kullum ne yake zaɓar ranar da zai sayar ba. Jihar Kano ta hana acaɓa a watan Janairu na 2013. Jihar Ikko ta taƙaita sana'ar a watan Fabrairu na 2020, sannan daga ranar 1 ga Yuni na 2022 ta hana ta ɗungum a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, da Surulere, da Eti-Osa, da Lagos Mainland, da Lagos Island, da Apapa, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba na wannan shekara. A duk lokacin da irin wannan doka ta fito, babura kan yi yawa a hannun dillalai a lokaci guda, kuma wanda jikinsa ya fi kyau shi ke fara samun mai saye.

Abokan gaban fenti

Fentin masana'anta a jikin abin hawa hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ke manne wa ƙarfe ya hana tsatsa, sai launi, sai kuma shafi na sama mai garai-garai wanda masu fenti ke kira kiliya. Wannan na saman shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke tare hasken rana mai ƙuna. Kaurinsa bai cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, maikiron ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Wato ke nan bai kai kaurin silin gashin kai ba. In ya cinye, babu wani man shafi da zai mayar da shi, sai dai a sake fenti, fentin kasuwa kuwa ba ya kai na masana'anta ƙarko, kuma shi kansa yakan sa mai saye ya yi zargin an taɓa yin haɗari da babur ɗin.

Abubuwan da ke cin wannan shafi sun bambanta daga shiyya zuwa shiyya. A Ikko da Warri da Kalaba akwai laima da iskar teku mai gishiri, waɗanda ke hanzarta tsatsa da zarar fenti ya sami ɗan tabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ga kuma baƙin tozalin hayaƙi da mazauna birnin suka fara kuka da shi tun ƙarshen 2016. A arewa kuwa, rana ce da ƙura. Hazon hunturu, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, yana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri, kuma yakan kai har gaɓar teku tsakanin Disamba da Fabrairu. Idan aka sa busasshen tsumma aka goge wannan ƙura daga kan tanki, to kamar an goga sanfefa ce mai laushi.

Sai dai kuma ɓarnar da ta fi yawa daga hannun mutane take fitowa. Fetur da ke zuba a kan tanki a gidan mai yana narkar da kaki. Man birki yana cin fenti kansa. Omo da sauran sabulun wanki masu kaifi suna wanke duk wani shafin kariya. Akwai kuma al'adar nan ta wasu matasa ta shafa man gas ko baƙin mai a jikin babur don ya yi ƙyalli, wanda kyan ɗan maciji ne, domin maiƙon yana kama ƙura ya riƙe ta, kuma yana lalata roba. Hakazalika, barin ledar masana'anta a jikin tanki wata da watanni, ko ɗaure shi da riga ba a cirewa a wanke ƙarƙashinta, kan tara ruwa da yashi su yi ta gurzar fentin a ɓoye.

Folish daban, kariya daban

A kasuwanninmu kusan duk abin da ake shafawa a jikin abin hawa folish ake ce masa, kuma nan ne asarar farko take. Folish na ainihi yana ɗauke da ɗan gari mai gurza, aikinsa shi ne ya kankare saman kiliya kaɗan domin ƙananan tabo su ɓace. Ragewa yake yi. Wanda ke yi wa babur irin wannan folish duk mako yana cinye jarinsa ne da hannunsa, kuma gefen tanki da kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta, su ne za su fara nunawa. Kayan kariya kuwa ƙari suke yi a bisa fentin, su karɓi dukan rana da ruwa a madadinsa, su ƙare, a sake shafa wasu. Iri huɗu ne manya.

Na farko shi ne kaki, wanda 'yan kasuwa ke kira wakis. Mafi daraja a cikinsa shi ne na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata itaciya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piaui da Ceara. Akan yanko ganyen da rani, a shanya, a kakkaɓe garin da ke jikinsa, a narkar a tace. Karnuba ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salsiyos, alhali kakin zuma na narkewa a digiri 62 zuwa 64. Wannan bambanci yana da muhimmanci a ƙasa irin tamu, inda baƙin tanki da aka ajiye a tsakar rana kan iya kai digiri 70. Tsantsar karnuba tana da taurin da ba ta shafuwa, don haka duk wanda ke cikin gwangwani an gauraya shi da mayuka da sinadarai masu laushi. Idan aka rubuta ɗari bisa ɗari, ana nufin kakin da ke cikin haɗin ne kawai. Kaki na ba da sheƙi mai zurfi, yana da sauƙin shafawa, amma a jikin babur da ke wuni a rana ana wanke shi kullum, da wuya ya wuce mako huɗu zuwa takwas.

Na biyu shi ne silanti, wato man rufi da ake harhaɗawa a masana'anta daga sinadarai dangin roba da silikon. Yana manne wa fenti fiye da kaki, yana jure zafi da sabulu, kuma yakan kai wata huɗu zuwa shida. Shafa shi ba ya buƙatar inji ko gwaninta ta musamman: a wanke, a tsane, a shafa siriri, a jira ya bushe, a goge. Yawancinsu na son a bar su wasu sa'o'i ba tare da ruwa ya taɓa su ba.

Na uku shi ne seramik, wanda ya yaɗu a kasuwannin duniya a 'yan shekarun nan. Ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, dangin abin da ake yin gilashi da shi, wanda in ya haɗu da laimar iska yakan daskare ya zama siririn rufi mai tauri, na kaurin maikiron ɗaya ko biyu. Masu yin sa na cewa yana kai shekara biyu ko fiye, kuma gaskiya ne cewa ya fi sauran jure sinadarai, ruwa da laka kuma ba su cika zama a jikinsa ba. To amma fa yana da sharuɗɗa. Tilas a wanke fentin tas, a cire duk wani maiƙo, a gyara tabo tun kafin a shafa, domin duk abin da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan. Tilas a yi aikin a inuwa, wurin da ba ƙura, a kuma killace babur ɗin aƙalla sa'a 24 daga ruwa, sannan a yi kamar mako guda ba a sa masa sabulu ba. In aka bar shi ya daskare da ɗigo-ɗigo, sai an kankare da inji. Ya kamata mai saye ya lura da abu biyu. Alamar 9H da ake bugawa a jikin kwali ma'aunin taurin fensir ne, ba ta nufin yashi ko makulli ba za su karce shi ba. Sannan kuma akwai na feshi da ake rubuta wa seramik, wanda a zahiri ɗan'uwan silanti ne, ƙarkonsa watanni ne.

Na huɗu ita ce ledar kariya, wata roba mai garai-garai da ake mannawa a jikin fenti. Asalinta daga aikin soja ne, lokacin da kamfanin 3M na Amurka ya ƙera ta a zamanin yaƙin Biyetnam don kare farfelar jirage masu saukar ungulu. Kaurinta ya kai maikiron 150 zuwa 200, kuma a cikin huɗun nan ita kaɗai ce ke iya tare tsakuwa da gurzar kaya. Tsadarta ta sa ba a cika rufe babur gaba ɗaya da ita ba, amma ƙyalle kaɗan a bayan tanki inda ƙarfen bel da zif ke gurza, da gefe inda gwiwa ke taɓawa, ya wadatar.

Yadda za a yi lissafin

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta farashin gwangwani da farashin kwalba. Abin da ya dace a kwatanta shi ne kuɗin kariya na wata guda, a haɗa da ladan aiki da kuma abin da babur zai rasa yayin da yake ajiye. A ɗauki shekara biyu, wato mako 104. Kakin da ake sabuntawa duk mako shida zai buƙaci shafi 17. Silantin da ake sabuntawa duk wata huɗu zai buƙaci shafi 6. Seramik na ƙwarai shafi ɗaya ne. Idan kowane shafi tare da wanki na cin sa'a guda, kaki ya ci sa'a 17, silanti ya ci sa'a 6, waɗanda ana iya yin su da yamma bayan an tashi aiki. Seramik kuwa zai ci wunin shiri da wunin bushewa, wato balas ɗin kwana biyu, ban da kuɗin gwani.

Wani abin lura shi ne, wurin da ke da fenti a jikin babur kaɗan ne: tanki, da madigadi, da murafan gefe. Kwalbar silanti guda ta rabin lita za ta yi wa babura da yawa, saboda haka kuɗin man kansa a kowane shafi ɗan kaɗan ne, aikin shi ne tsadar. Wannan ya sa ga babur ɗin haya, wanda ke ɗaukar buhuna da jarkoki, yana faɗuwa, ana kuma sauya masa murafu, silanti tare da ɗan ƙyallen ledar kariya a tanki shi ne ya fi dacewa da aljihu. Seramik ba zai hana tabon kaya ba, kuma ranar da aka kai tankin wurin fanalbita kuɗinsa ya tafi.

Lissafin yakan sauya ga mai babura da yawa, kamar kamfanonin kai saƙo da suka yawaita a Ikko da Abuja. Su sukan karɓi sababbin babura a lokaci guda, fentinsu bai da tabo, don haka aikin shiri kaɗan ne, kuma ba a fara aiki da su ba balle a ce an yi asarar kwana. Ƙaramar kwalbar seramik ta mililita 30, wadda aka auna don mota guda, za ta yi wa babura da dama. Da yake kuma in an buɗe ta ba ta daɗewa take daskarewa, hikima ita ce a jera baburan a gama da su rana ɗaya. A nan seramik na iya biyan kansa ta hanyar sauƙin wanki da kyan gani a idon abokan ciniki. Shi kuwa kaki, wurinsa shi ne shagon dillali, inda ake son babur ya ɗauki ido na 'yan makonni a inuwa, da kuma hannun mai babur ɗin hawa na kansa wanda ke da lokacin sabuntawa.

Wuraren da ba a shafawa

Akwai ƙa'idojin da saɓa musu kan jawo hasarar da ta fi ta fenti. Kada a bari kaki ko silanti ko wani mai santsi ya taɓa taya, ko faifan birki, ko sirdi, ko mariƙin hannu, ko wurin taka ƙafa, domin wannan magana ce ta rai. Ba a shafa su a salansa ko kan inji, zafi zai ƙone su. Kaki kan bar farin tabo a baƙar robar da ba ta da fenti. Fenti marar sheƙi, wanda ake yayi a wasu sababbin babura, ba a yi masa folish ko kaki, sai nasa man na musamman. Babur ɗin da aka sake wa fenti kuwa, masu yin fenti na ba da shawarar a jira wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe shi da komai, domin sinadaran da ke cikinsa su gama fita. In kuma za a kai wurin mai fenti, a gaya masa abin da aka taɓa shafawa, saboda ragowar silikon na sa sabon fenti ya yi ramuka.

Sama da duka, wanki shi ne tushe. A fara kwarara ruwa ya tafi da yashi kafin hannu ya taɓa fenti, a yi amfani da sabulun wankin mota marar kaifi, a ware tsumman tanki daban da na taya da sarƙa, a yi aikin a inuwa bayan inji ya huce. In fetur ya zuba, a ɗauraye nan take. Hanyar gane ko kariya na nan kuwa mai sauƙi ce: a yayyafa ruwa a kan tanki, in ya dunƙule ya gangara tana nan, in ya baje ya kwanta lokacin sabuntawa ya yi.

Dama da haɗari ga 'yan kasuwa

Ga masu shigo da kaya da ke hulɗa da kasuwannin Ladipo da ASPAMDA a Ikko, ko Nkwo a Nnewi, ko Agodi Gate a Badun, wannan fanni na da kasuwa, amma yana da tarko. Kusan dukkan kayan daga waje suke, saboda haka farashinsu na tafiya da canji. Seramik na da wa'adin lalacewa, kuma zafin sito na gaggauta shi, don haka tara shi da yawa ɗaure jari ne. Akwai kuma jabu, da kayan da aka sirka aka zuba a kwalaben sanannun kamfanoni. Mai saye ya nemi sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rukunin da aka yi kayan, da ranar yi, ya kuma fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. Araha ba ta ado.

Masu wuraren wanki su ma suna da abin dubawa. Tashar 'yan acaɓa guda na iya ɗauke da babura ɗaruruwa, kuma wanda ya koyi shafa silanti yadda ya kamata, ya shirya da shugabannin ƙungiya a kan farashi na wata-wata, ya sami ciniki mai ɗorewa da jari kaɗan. Shi kuma mai ba da babur balas, ba laifi ya sa sharaɗin wanki da shafi a cikin yarjejeniya, ya kuma ba da man da kansa, tun da shi ne zai ɗauki asarar ranar sayarwa.

Ya rage ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda ta ƙaddamar da shirin tantance kayan shigowa na SONCAP a 2005, da ta sa ido a kan abin da ake rubutawa a jikin waɗannan kwalabe, musamman alkawuran shekaru da na tauri. Ƙungiyoyin dillalai da na 'yan acaɓa su ma su wayar da kan membobinsu game da shafa man gas da wanki da omo. Babur da aka saya da kuɗi sama da miliyan ya cancanci a kashe masa sa'a guda duk wata huɗu, domin rigakafi ya fi magani.